FILIN KIWON LAFIYA: Taimakon Gaggawa Ga Haƙori Kafin A Kai Ga Likita

Yau filin namu zai duba wani al'amari wanda da wuya a sami gidan da bai taɓa shiga ba, watau ciwon haƙori da sauran haɗurran da kan auka wa baki ba zato ba tsammani. Wannan matsala ba ta zaɓen lokaci. Takan zo da tsakar dare, ko ran Lahadi sa'ad da sashen haƙori na asibiti yake rufe, ko kuwa mutum yana kan hanya tsakanin Kano da Legas, babu likita kusa, babu wanda ya sani. Sau da yawa abin da aka yi cikin sa'a ta farko shi ke nuna ko za a tsira da haƙorin ko za a rasa shi, wani lokaci ma ko za a tsira da ran majiyyacin.

Kada a ɗauka abin ƙarami ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙora, watau kusan rabin mutanen duniya. A ƙasarmu kuwa likitocin haƙori kaɗan ne, yawancinsu kuma a manyan birane suke, saboda haka mutumin ƙauye yakan yi kwana da kwanaki kafin ya sadu da ɗaya. Abin da za mu kawo a nan dabarun riƙon ƙwarya ne kawai. Suna rage azaba, suna hana ɓarna ta ƙaru, amma aikin warkarwa yana hannun likita.

Yadda Haƙori Yake

Kafin a gane magani sai a gane mai ciwon. Yaro yana da haƙoran nono 20, waɗanda kan fara fitowa yana da kamar wata 6. Wajen shekara 6 sai ya fara famfara, haƙoran girma su riƙa maye gurbinsu har su kai 32 ga baligi. Huɗun ƙarshe, na can ƙuryar baki, sukan fito tsakanin shekara 17 da 25.

Kowane haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi kome ƙarfi a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai ɗan taushi, mai jin sanyi da zafi. Can tsakiya kuwa akwai ɓargo, inda jijiyoyin jini da jijiyar jin ciwo suke. Saiwar haƙori tana zaune cikin ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa masu rai suna riƙe da ita. A riƙe zancen zaruruwan nan, za mu komo kansu.

Mutane da yawa sun gaskata cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo kasuwa suna nuna wai sun fitar da ita. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani suke zaune a jikin haƙori, suna cin sukarin da ya saura a baki, suna fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narka ɓawon a hankali har ya yi kogo. Muddin kogon yana waje, sai dai ɗan tsami in an sha ruwan sanyi. Ranar da ya isa ɓargo, ranar ce mutum zai kwana zaune.

In Haƙori Ya Tashi Da Dare

Da farko a sami ruwan ɗumi kofi ɗaya, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri, a motsa, a kurkure baki da shi a zubar. Ana iya maimaitawa sau uku ko huɗu a yini. Sa'an nan a duba ko wani abu ya maƙale, kamar tsokar nama ko ɓawon gyaɗa, domin shi kaɗai yana iya ta da ciwo mai tsanani. A cire shi da zare mai tsabta, a zura shi tsakanin haƙoran a hankali. Kada a yi sakace da allura, ko reza, ko tsinken tsintsiya.

Na biyu a sha maganin rage zafi. Baligi yana iya shan farasitamol mai awon miligiram 500, ƙwaya biyu a lokaci guda, a bar sa'a 4 zuwa 6 tsakanin sha da sha, kada kuma a wuce ƙwaya 8 cikin sa'a 24. Wuce wannan adadi yana lalata hanta, kuma ɓarnar ba ta nuna kanta sai bayan kwana biyu ko uku. A lura da cewa Panadol da magungunan mura da yawa farasitamol ne a cikinsu, saboda haka duk lissafinsu ɗaya ne. Ibufurofen mai miligiram 400, sau uku a yini bayan an ci abinci, yakan fi kama ciwon haƙori, amma bai dace da mai gyambon ciki ba, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, da mai asma wanda irin wannan magani ke tayar masa da ita. Yara kuwa ana auna musu magani ne bisa ga shekaru da nauyi, a bi abin da aka rubuta jikin kwalba, kada kuma a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin.

Kanumfari, wanda iyayenmu suka daɗe suna amfani da shi, yana da wani mai a cikinsa wanda ke kashe zafi na ɗan lokaci, har likitocin haƙori ma suna aiki da shi. Ana iya ɗora ƙwaya ɗaya a kan haƙorin a ɗan danne, ko a ɗiga mansa kaɗan a auduga a sa cikin kogon. In ya yi yawa yana ƙona dasashi, kuma ba a sa wa ƙananan yara. Wajen kwanciya a tada kai da matashi biyu, domin kwanciya shimfiɗe tana ƙara bugun ciwon. A guji abu mai zafi ƙwarai, da mai sanyi ƙwarai, da mai zaƙi.

Ga wani abu da ke ruɗin jama'a. Haƙori yakan yi kwanaki yana ciwo, sai rana ɗaya ya yi shiru, mai shi ya ce ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta suna nan, sun bi saiwa sun gangara cikin ƙashi, bayan 'yan makonni ko watanni sai a wayi gari da kumburi. Shirun haƙori mai kogo ba dalilin fasa zuwa asibiti ba ne.

Har ila yau, in ciwon muƙamuƙin ƙasa ya zo tare da nauyin ƙirji, da gumi, da haki, musamman ga mai shekaru, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, to ana iya samun ciwon zuciya ne ya ɓullo ta nan. Wannan sai a garzaya sashen gaggawa nan take.

Abubuwan Da Ba A Sa Wa Haƙori

Azaba takan sa mutum ya karɓi shawarar duk wanda ya ba shi. Akwai masu ɗiga ruwan batir a kogon haƙori, akwai masu sa fetur, ko man birki, ko garin taba, ko jar kanwa. Akwai kuma masu danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi su bar ta ta narke. Duk waɗannan ƙuna suke yi. Ruwan batir yakan cinye dasashi da naman kunci, ya bar gyambo wanda ya fi ciwon farko wuyar magani, ga haƙorin kuma yana nan da cutarsa. Wannan shi ne a garin neman gira a rasa ido.

Haka nan a yi hattara da haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda a tasha da kasuwa, domin mai sha bai san abin da ke ciki ba. Kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin, ba ya warkar da ciwon haƙorin da babu kumburi ko zazzaɓi tare da shi, kuma shansa barkatai yana sa ya daina aiki ranar da ake bukatarsa da gaske. Likita ne ke faɗin lokacin shansa. Tiramadol kuwa ya jefa samari da yawa cikin halin da suka kasa fita, wasunsu kuma daga neman sauƙin wani ciwo suka fara.

Game da masu cire haƙori a bakin kasuwa da filaya, abu biyu ne abin tsoro. Na ɗaya, haƙorin yakan karye ya bar saiwa a ciki ta ci gaba da ruɓa. Na biyu, ƙarfen da ya shiga bakin wani ba a dafa shi ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau ya kawo.

Kumburi: Inda Ake Rasa Rai

In kunci ya kumbura, ko wani ƙurji ya fito a dasashi kusa da haƙori mai ciwo, to mugunya ce ta taru. Magani na gaskiya shi ne likita ya ba ta hanya ta fita, ya wanke cikin saiwar ko ya cire haƙorin. Kafin a kai gare shi, a ci gaba da kurkurar ruwan gishiri, a sha maganin rage zafi, a sha ruwa da yawa, a ɗora tsumma mai sanyi a kunci. Kada a gasa wurin da ruwan zafi daga waje, kada a matsa, kada kuma a kai wa wanzami ya yi sakiya. Fuska cike take da jijiyoyi, kuma yankan da aka yi a makance yana iya buɗe wa cutar sabuwar hanya.

Ga alamomin da in an ga ko da ɗaya daga cikinsu ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran sai an sami likitan haƙori, sai a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. In kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, ya yi tauri kamar katako. In harshe ya ɗago sama, yawu yana dalala, majiyyaci ya kasa haɗiya. In murya ta sake, ko numfashi ya yi wuya. In baki ya ƙi buɗuwa har yatsa biyu su shiga. In kumburin ya haura ya rufe ido. In zazzaɓi mai zafi ya zo da rawar ɗari ko ruɗewa.

Kumburin ƙarƙashin haɓa da muka ambata, wani likita Bajamushe mai suna Wilhelm Friedrich von Ludwig ne ya bayyana shi a shekarar 1836, har yau kuma da sunansa likitoci ke kiransa. Yawanci daga turamen ƙasa yake tasowa. Haɗarinsa shi ne yana tura harshe baya ya toshe hanyar iska, yana kuma iya yin haka cikin 'yan sa'o'i. Irin wannan majiyyaci a tafi da shi a zaune, kada a kwantar da shi rigingine. Masu ciwon sukari, da mata masu ciki, da tsofaffi, da masu ƙanjamau su suka fi shiga haɗari. A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu, cewa wai ba a taɓa haƙorin mace mai ciki. Ana duba ta, ana yi mata aiki, barin mugunya a jikinta shi ne abin gudu. Ta dai gaya wa likita watannin cikinta.

In Haƙori Ya Fita Ɗungurungum

Faɗuwa daga babur, ko karo a filin ƙwallo, ko naushi wajen dambe, ko faɗuwar yaro a makaranta, duk suna iya fitar da haƙorin gaba da saiwarsa. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne ana iya mayar da shi ya kama, ya yi shekaru yana aiki. Sirrin yana ga zaruruwan nan masu rai da ke jikin saiwa. In sun bushe sun mutu. Mayarwa cikin minti 15 zuwa 20 ita ta fi kyau, in kuwa haƙorin ya yi sa'a guda a bushe, to kusan duk sun mutu.

Tambaya ta farko ita ce, na nono ne ko na girma? Haƙorin nono ba a mayar da shi, domin turawa tana iya lalata na girma da ke kwance ƙarƙashinsa. Yaron da bai kai shekara 6 ba, haƙoransa na gaba na nono ne. A danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a kai shi a duba. In an yi shakka, kada a mayar, a adana shi yadda za mu faɗa a tafi da shi.

In na girma ne, kuma mai shi yana cikin hayyacinsa, ga yadda za a yi. A ɗauki haƙorin ta farin kansa, kada yatsa ya taɓa saiwar. In ya yi ƙasa, a ɗauraye shi da madara, in babu a zuba masa ruwa mai tsabta na ɗan lokaci kaɗan, kamar a ƙirga ɗaya zuwa goma. Kada a goge shi, kada a kankare, kada a sa sabulu ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. A dubi ɗan'uwansa na gefe domin a gane gaba da baya, sa'an nan a zura shi cikin raminsa a hankali har ya daidaita da sauran. Mai shi ya ciji hankici mai tsabta ya riƙe shi, a kama hanyar asibiti.

In an kasa mayarwa, saboda tsoro ko saboda raunin ya yi yawa, to kada a naɗe shi a takarda ko a jefa shi aljihu. A sa shi cikin ƙaramin kofi ko kwalba, a zuba madarar da ba ta yi tsami ba har ta rufe shi. Kindirmo da nono mai tsami ba su dace ba. In babu madara, mai haƙorin ya tofa yawunsa cikin kofin a sa a ciki. Baligi yana iya riƙe shi cikin bakinsa tsakanin kunci da dasashi, amma ban da yaro, kada ya haɗiye. Jiƙa shi cikin ruwan sha yana kashe zaruruwan, sai dai duk da haka ya fi a bar shi ya bushe. Ko lokaci ya ƙure, a tafi da haƙorin, likita ne zai yanke shawara.

A asibiti za a ɗaure shi da maƙwabtansa da siririyar waya har kamar mako biyu, yawanci kuma daga baya a wanke cikin saiwar a cike. In haƙorin ya faɗi cikin ƙasa, a tuna wa likita zancen allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki. Malaman makaranta da masu horar da 'yan wasa ya kamata su haddace wannan sashe, domin su ne ke wurin sa'ad da abin yake faruwa.

Karaya Da Raunin Baki

In haƙori ya ɓalle, a nemi ɓallin a sa shi cikin madara, domin wani lokaci ana iya manna shi. In bakin karayar yana yankan harshe, a rufe shi da cingam marar sukari. In an hango ɗigon ja a tsakiyar karayar, ɓargo ne ya bayyana, sai a ga likita a ranar. Haƙorin da ya goce ko yake girgiɗi bayan bugu, kada a riƙa taɓa shi da harshe ko yatsa, a ci abinci mai taushi kamar kunu da fate. In kuwa cikon da likita ya yi ne ya faɗo, a riƙa tsabtace ramin, a tauna ta ɗaya gefen, a koma cikin 'yan kwanaki.

Leɓe da harshe suna zubar da jini da yawa ko da raunin ƙarami ne, saboda haka kada a firgita. A wanke hannu, a danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 zuwa 15 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. A naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi cikin ƙyalle a ɗora daga waje. In raunin ya buɗe baki, ko ya ratsa gefen leɓe, ko jinin ya ƙi tsayawa, sai ɗinki.

Bayan haɗarin mota ko babur, in haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa yadda suka saba, ko leɓen ƙasa ya mutu, ana zaton muƙamuƙi ya karye. A tallafe haɓa da ɗankwali ko rawani, a ɗaure a saman kai sako-sako yadda za a iya kwancewa da sauri in amai ya zo. Wanda ya suma, a fitar masa da abin da ke bakinsa wanda ido ya gani, a juya shi gefe a hankali, kai da wuya da gangar jiki tare, domin kada jini ya shaƙe shi, kada kuma a ɗura masa ruwa. Akwai kuma wanda kan yi hamma bakinsa ya ƙi rufuwa, watau muƙamuƙi ya goce. Kada a buga, kada a danna da ƙarfi. A asibiti gyaransa na 'yan mintoci ne.

Jini Bayan An Cire Haƙori

Yawu mai ɗan ja a ranar farko ba abin damuwa ba ne. In jini ne sosai, a naɗe bandeji ko hankici mai tsabta, a ɗan jiƙa, a ɗora daidai kan ramin, a cije da ƙarfi minti 30, a zauna kai a sama. Jakar ganyen shayi da aka jiƙa ta huce ita ma tana taimakawa. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ciwon. Saboda haka cikin sa'a 24 na farko ba a kurkure baki, ba a yawan tofar da yawu, ba a shan abu mai zafi, sigari kuwa a bar shi kwanaki. Kashegari sai a fara kurkurar ruwan gishiri a hankali. In an cije sau biyu jinin bai tsaya ba, a koma asibiti. In kuma bayan kwana 3 zuwa 5 ciwo mai tsanani ya taso har kunne, da ɗoyin baki, to murfin ya fita, likita zai wanke ya sa magani. Mai hawan jini, da mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, lalle su faɗa tun kafin a taɓa su.

Iyaye Mata, Ga Naku

Fitowar haƙorin jariri takan kawo dalalar yawu, da ƙaiƙayin dasashi, da ɗan rigima. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ko gudawa, ko amai. Yara da yawa sun galabaita a gida ana cewa haƙori ne, alhali zazzaɓin cizon sauro ne ko wata cuta. Shafa dasashi da yatsa mai tsabta ya isa. A tuna da abin da ya faru a shekarar 2008, sa'ad da wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya lalata ƙodar yara a Legas da Zariya da wasu wurare, har Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙidaya yara 84 da suka rasu.

Abu na biyu shi ne cutar noma. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona, daga harshen Girka aka aro shi. Tana kama yara masu shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ta raunana, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Takan fara da dasashi mai jini da warin baki mai ƙarfi, sai kunci ya kumbura, sai wani baƙin tabo ya fito, cikin 'yan kwanaki nama ya zube ya bar rami a fuska. In ba a yi magani ba, tana kashe har 9 cikin yara 10. In kuwa an kai yaro tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Akwai asibiti na musamman domin ta a Sakkwato tun shekarar 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa ga bukatar da Nijeriya ta jagoranta. Amma matakin farko kowane asibiti na kusa yana iya ɗauka. Uwa ta riƙa buɗe bakin ɗanta tana dubawa, musamman in yana jinya.

Ina Za A Dosa?

Manyan asibitocin jihohi da yawa suna da sashen haƙori. Haka nan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Jos, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. 'Yan'uwanmu mazauna kudu kuma suna da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, da na Badun, da na Binin, da na Inugu. Kowane magidanci ya binciki wanda ya fi kusa da shi da ranakun aikinsa tun yana lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma ajiye gishiri, da farasitamol, da bandeji, da auduga a wuri guda inda yara ba sa kaiwa.

Daga ƙarshe, yawancin abin da muka lissafa ana iya kauce masa. A goge haƙora sau biyu a yini da man goge baki mai sinadarin fuloraid, na dare kafin barci shi ya fi muhimmanci. Asuwaki abu ne mai kyau, a haɗa shi da man, a kuma kai shi har turamen ƙurya. A rage alewa da lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa, musamman tsakanin abinci da abinci. A daina buɗe kwalba da haƙori. Mai hawa babur ya sa hular kwano. Ƙaramin kogo kuwa a kai shi a cike tun bai yi magana ba, kuɗinsa bai kai na cirewa da sa na roba ba, balle na kwanciya asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.